Wa Ya Kwance Dabaibayin Tsutsa A Gonakin Gwarzo Da Kabo?

 Wannan bayani ne a kan wani al'amari da ya dami manoman yammacin Kano, na ƙasar Gwarzo da na ƙasar Kabo da maƙwabtansu, watau al'amarin tsutsar masara da tsutsar tumatir, da irin kuɗin da maganin feshi yake lashewa kowace shekara alhali kuwa ɓarnar ba ta ƙare ba. Daga Getso har Garo, ranar kasuwa ba a rasa mai baje kwalaben maganin ƙwari, kuma da damina ta yi nisa sai a riƙa gamuwa da samari goye da tankin feshi a kan hanyar gona. Kowa tambayarsa ɗaya ce, wane magani ya fi ƙarfi? Amma akwai tambayar da ta riga wannan, ita ce, me ke tsare yawan tsutsa tun asali, kuma me ya kwance shi? Wanda jakinsa ya shiga gonar mutane, kafin ya nemi sanda, ya kamata ya duba dabaibayi.

Da farko ga labarin tsutsotsin nan biyu a taƙaice, gama dukansu baƙi ne a ƙasar nan. Tsutsar masara asalinta nahiyar Amurka ce. A farkon shekarar 2016 aka fara ganinta a Afirka, a kudu maso yammacin Nijeriya da waɗansu ƙasashe na kusa. Kafin shekara biyu ta game ƙasashe fiye da 40 na Afirka, a 2018 ta isa Indiya, a 2019 ta shiga ƙasar Sin. Uwarta wata irin faɗa-wuta ce mai tashi da dare, in iska ta taimake ta takan ci tafiyar kilomita 100 kafin gari ya waye. Ita kuwa tsutsar tumatir, wadda manoma suka laƙaba wa suna Sharon, daga Amurka ta Kudu ta fito. A 2006 ta ɓulla a ƙasar Sifen, daga can ta yi ta gangarowa har ta iso ƙasar Hausa. A 2016 ta yi wa tumatirin Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa ɓarnar da ba a manta ba, har gwamnatin Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kanta cikin watan Mayu, masana'antar tumatir ta Kadawa kuwa ta tsaya don babu abin niƙawa. A 2023 ta sake tasowa da ƙarfi.

To, kafin a shiga maganar magani, sai a yi wani ɗan lissafi irin wanda almajirin da ya fara karatun gado zai iya yi a bayan allo. Masana sun tabbatar uwar tsutsar masara guda ɗaya takan yi ƙwai wajen 1,000 a rayuwarta, wani lokaci ma fiye, kuma a lokacin zafi kwana 30 ya isa ƙwai ya zama tsutsa, tsutsa ta zama uwa. A ƙaddara dukan ƙwan nan sun ƙyanƙyashe, sun girma, rabinsu mata. Wata na farko 1,000 ke nan. Wata na biyu mata 500 kowace ta yi 1,000, ya zama 500,000. Wata na uku miliyan 250. Wata na huɗu biliyan 125. Duk wannan daga uwa ɗaya, cikin damina ɗaya. Da haka al'amarin yake gudana, da tun tuni babu ko ganye ɗaya da ya rage tsakanin Gwarzo da bakin teku.

Tun da yake ba haka ake gani ba, lalle akwai abin da ke cin mafi yawansu kafin su girma. Mai karatu ya lura da wannan wuri, don shi ne gindin maganar duka. In ana so yawan tsutsa ya tsaya inda yake, ba ƙari ba ragi, tilas daga cikin 1,000 ɗin nan biyu kaɗai za su kai ga haihuwa, su maye gurbin uwa da uba, 998 su mutu a hanya. In aka sami ɗan sassauci, 996 suka mutu, huɗu suka tsira, to yawansu zai riɓanya kowane wata, cikin wata shida ɗaya ta zama 64. Watau tsakanin zaman lafiya da annoba tsutsa biyu ce rak cikin dubu. Mai feshi yana ganin shi ne yake kashe tsutsa, alhali kuwa mafi yawan kisan waɗansu ne suke yi masa shi, dare da rana, ba ya biyansu ko kwabo.

Abubuwan da ke yin wannan aiki su ne dabaibayin halitta, kuma ana iya kasa su huɗu. Na farko abinci. Kowace halitta iyakar yawanta iyakar abincinta. Sharon ba ta cin kowane ganye, sai tumatir da danginsa, irin su gauta da dankalin Turawa. Tsutsar masara tana taɓa dawa da waɗansu ciyayi, amma masara ta fi so. Uwar tsutsa da ƙamshi take gane abin da za ta yi ƙwai a kansa, saboda haka gonar da aka cuɗa dawa da gero da wake da gyaɗa takan rikita ta, ɗan da ya ƙyanƙyashe kuma in ya faɗo daga kan karan da yake ci, ba lalle ya dace da wani irinsa kusa ba.

Na biyu yanayi. Ruwan sama mai ƙarfi yakan wanke ƙwai da ƙananan tsutsotsi daga kan ganye, shi ya sa ɓarna ta fi yawa sa'ad da ruwa ya ɗauke na 'yan kwanaki. Babban mai tsaro kuwa a ƙasar Hausa shi ne rani. Daga kaka zuwa faɗuwar ruwa ƙasa takan yi wata bakwai babu ɗanyen amfani a tudu. Tsutsar masara ba ta da dabarar kwantawa cikin ƙasa ta jira damina kamar yadda waɗansu ƙwarin ƙasar nan suke yi, in babu ɗanyen ganye sai mutuwa ko ƙaura.

Na uku maƙiya, su ne rundunar da ba a biya. Kowa ya san zanzaro, yadda yake ɗaukar tsutsa ya kai ɗakinsa na laka ya toshe don 'ya'yansa. Rina ma haka take farautar tsutsa. Akwai kuma waɗansu 'yan mitsi-mitsin danginsu, waɗanda ido da ƙyar yake ganinsu, masu yin ƙwai a cikin ƙwan tsutsa ko a jikinta, ɗansu ya cinye ta. Tururuwa da cinnaka suna kwashe wadda ta sauka ƙasa don ta rikiɗa. Gizo-gizo da ƙoƙi-ƙoƙi suna tsare ganye, kwaɗo da ƙadangare da bushiya suna tsare ƙasa, tsuntsaye suna aikin rana, jemage yana kama uwayen a sama da dare. Na huɗu cunkoso. In halitta ta yi yawa a wuri ɗaya cuta takan shiga cikinta, su kuma tsutsotsin masara in sun girma junansu suke ci, shi ya sa in an buɗe zuciyar masara, inda sabon ganye ke fitowa, ba a cika samun manya fiye da ɗaya ko biyu ba.

Daga nan za a gane amfanin yawan nau'in halittu a ƙasa, abin da masanan zamani suke ta jan hankali a kansa. Rumfar da ke tsaye a kan dirka ɗaya, ranar da gara ta ci dirkar ranar za ta faɗi. Wadda ke kan dirkoki goma kuwa, ko biyu sun ruɓe ana iya zama ƙarƙashinta har a gyara. Haka gona take. In maƙiyin tsutsa iri ɗaya ne, shekarar da ya yi ƙaranci shekarar annoba ce. In iri ashirin ne, mai cin ƙwai daban, mai cin tsutsa daban, mai aikin dare daban, to wanda ya kasa wani zai rufe masa. Haka kuma amfanin gona. Shekarar ƙarancin ruwa gero yakan fid da mai gida kunya, shekarar ruwa dawa ta yi, wake da gyaɗa kuma su ƙara wa ƙasa ƙarfi. Magabata da suka riƙa shuka iri uku ko huɗu a gona ɗaya, ƙarƙashin gawo da ɗorawa, sun san abin da suke yi.

Yanzu sai a duba yadda dabaibayin nan suka sassauta a ƙasar Gwarzo da Kabo. Ba don a ɗora wa kowa laifi ba ne, gama mafi yawan abin larura ce ta kawo shi. A ƙidayar 2006 an sami mutane fiye da 180,000 a ƙaramar hukumar Gwarzo, da fiye da 150,000 a ta Kabo, watau wajen mutum 450 a kowace murabba'in kilomita, kuma tun daga sa'an nan ƙaruwa ake yi. Gonar da mutum ɗaya ya bari 'ya'ya da jikoki suke rabawa. Saboda haka saura ta ƙare, an nome kan iyaka inda da ake barin gamba da sabara da kalgo, an sare itatuwa don girki da gawayi. Waɗannan wurare kuwa su ne gidajen maƙiyan tsutsa. A nan tsuntsu ke sheƙa, a nan ƙananan dangin zanzaro ke samun ruwan fure, a nan gizo-gizo ke fakewa da rani. Dattawa sun san lokacin da ake tayar da fakara da zabin daji a bakin gona. Ko ungulu, wadda da ba a raba ta da mahauta, yau yaro yana iya girma bai gan ta ba, har a 2015 ƙungiyar duniya mai lura da halittu ta sa ta cikin waɗanda ke gab da ƙarewa.

Dabaibayin abinci shi ma ya sassauta. Tun da aka sami takin zamani da irin masara mai saurin nuna, masara ta shiga wuraren da da dawa da gero ne kaɗai, kuma sau da yawa ita kaɗai ake shukawa, gona na bin gona. Ga manomi wannan riba ce a fili, don buhun masara ya fi yawa. Ga tsutsa kuwa walima ce wadda babu katanga tsakanin akushi da akushi.

Sa'an nan ga maganar rani. Tun zamanin Gwamna Audu Baƙo aka shiga gina madatsun ruwa a jihar Kano. A wannan yanki akwai ta Guzuguzu a ƙasar Kabo, da ta Pada a ƙasar Gwarzo, da ta Watari a Bagwai, da babbar madatsar Challawa a Ƙaraye wadda aka gama a 1992. Babu mai hankalin da zai ƙi albarkar noman rani, ya hana samari da yawa tafiya cin rani, ya kawo kuɗi lokacin da babu. Amma wata bakwai ɗin nan na yunwa da rani ke ɗora wa ƙwari, yanzu an gina musu gada a kansa. Tumatirin wannan yana ƙarewa na wancan yana fure, masarar rani tana miƙa wa ta damina. Sharon kuwa, wadda uwarta ke yin ƙwai har 260, tana iya haihuwa sau goma zuwa goma sha biyu a shekara in abinci bai yanke ba.

Akwai misalin wannan a ƙarshen ruwan da ke fita daga wannan yanki. Kogin Challawa da kogin Kano su ne suke haɗuwa su zama kogin Haɗejiya. Da, fadamun Haɗejiya da Nguru sukan cika da damina su bushe da rani, bushewar nan ita ke tsare ciyawar kacalla. Bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa, ruwa ya koma gudana dukan shekara, sai kacalla ta toshe magudanai ta cinye gonaki da wuraren su, tsuntsayen jan-baki kuma suka sami maɓoya a cikinta, daga nan suke faɗa wa shinkafa da gero. Dabaibayi ɗaya aka kwance, ɓarna biyu ta fito.

Ƙasar Kano ta taɓa ganin irin wannan darasi da idonta. A 1975 cutar kuturtar gyaɗa, wadda ƙwarin darɓa ke ɗauka daga wannan tushe zuwa wancan, ta auka wa arewacin Nijeriya, aka ƙiyasta gonakin da ta lalata sun kai hekta 700,000. Irin gyaɗar da aka fi shukawa a lokacin ba shi da juriyar cutar, ga shi kuwa ya cika ƙasa. Farin 1972 da 1973 ya riga ya raunana manoma, kuɗin man fetur kuma ya ɗauke hankalin hukuma daga gona, sai wannan annoba ta ƙarasa. Dalar gyaɗa da ake tinƙaho da ita a birnin Kano ba ta sake tashi ba. Daga baya cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya ta fito da irin gyaɗa masu juriya, waɗanda ake kira SAMNUT, masana kuma suka nuna shuka da wuri da cika gona da tushe suna rage cutar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

In wani ya ce, to ai feshi shi ne maganin duk wannan, sai a ce masa, feshi yana da wurinsa, amma a dubi wanda yake fara kashewa. Tsutsar masara tana can cikin zuciyar kara, Sharon tana tsakanin fatar ganye ta sama da ta ƙasa ko cikin 'ya'yan tumatir, magani da ƙyar yake isa gare su. Zanzaro da gizo-gizo da tururuwa kuwa a fili suke yawo, su ne magani ke fara samu. Bayan feshi, tsutsar da ta tsira cikin wata ɗaya ta mayar da yawanta, maƙiyanta kuwa waɗansu sai sun daɗe kafin su farfaɗo. Har wa yau, wadda ta tsira sau da yawa ita ce mai jurewa maganin, 'ya'yanta kuma su gaje ta, shi ya sa maganin da ya yi aiki bara bana sai an riɓanya shi. Sharon ta yi suna a ƙasashe da yawa wajen sabawa da magunguna. Ga kuma zuma da sauran ƙwari masu kai ƙurar fure, waɗanda kabewa da kankana da itatuwan marmari ke dogara da su. Ga lafiyar yaron da ke feshi babu takalmi babu abin rufe hanci. Ga ragowar maganin da ke gangarawa madatsa inda ake kamun kifi.

Ƙasar Sin ta gwada kashe mai tsaro, ta ga sakamako. A 1958 hukumarsu ta umarci jama'a su hallaka gwara don tana cin hatsi. Aka yi ta kaɗa gwangwani ana rushe sheƙa har tsuntsun ya kusa ƙarewa. Ashe gwara da ƙwari take ciyar da 'ya'yanta. Fara da sauran ƙwari suka yi yawa, suka ƙara wa yunwar da ta auka wa ƙasar a shekarun nan tsanani, har a 1960 aka janye umarnin. Garin gyaran gira aka rasa ido.

In wani kuma ya ce, ai baƙin nan daga waje suka zo, babu ruwan sare itace da zuwansu, sai a ce masa, gaskiya ne, kuma wannan ma hujja ce ga abin da ake faɗa. Abin da ya sa baƙuwar tsutsa ta fi 'yar gida ɓarna shi ne ta baro maƙiyanta a can ƙasarsu. An ga haka ga rogo. Cikin shekarun 1970 wani farin ƙwaro daga Amurka ta Kudu ya shigo Afirka ya kusa gamawa da rogo. Masanan cibiyar aikin gona ta ƙasa da ƙasa da ke Ibadan, ƙarƙashin wani Bature mai suna Hans Herren, suka sa aka nemo maƙiyinsa a ƙasar Faraguwai, wani ɗan ƙaramin dangin zanzaro, aka fara sakinsa a Nijeriya a 1981. Cikin 'yan shekaru ɓarnar ta lafa a ƙasashe da yawa, ba tare da manomi ya sayi kwalba ɗaya ba. Ita ma tsutsar masara, a 2019 masana suka ba da labarin sun sami wani ɗan ƙwaro mai lalata ƙwanta yana nan a Afirka, har da Jamhuriyar Nijar. Maƙiyan gida kuma suna koyon cin baƙuwa, muddin an bar su da rai.

In aka ce, ga sabon iri ya fito, sai a ce, madalla. A watan Janairu na 2024 aka ba da izinin shuka masarar da ake kira TELA, wadda cibiyar Samaru ta fitar, mai kashe tsutsar da ta ci ganyenta. Amma wannan ma dirka ɗaya ce. A ƙasar Barazil wannan tsutsa ta saba da wata masara mai irin wannan siffa cikin shekaru kaɗan. Saboda haka ne masana ke cewa a riƙa barin wani yanki na masarar da aka saba kusa da ita, don tsutsar da ba ta da juriya ta wanzu ta gauraya da mai juriya.

Abin koyi mafi kusa yana wajen 'yan'uwa Hausawan Maraɗi, waɗanda ƙasarsu ta fi ta Kano ƙarancin ruwa. Bayan farin shekarun 1970 wata tsutsa mai cin zangarniyar gero ta zama musu annoba. Tun wajen 2006 masanan cibiyar binciken noma ta Nijar, INRAN, da ke Maraɗi suka shiga kiwon wani ɗan ƙwaro na gida mai kashe ta. Sukan zuba shi cikin 'yan jakunkunan algarara tare da ɗan hatsi da tsutsar da zai hayayyafa a kanta, a rataye a ƙauyuka lokacin da gero ke fid da kai, ya fita ya bazu cikin gonaki ya hallaka kaso mai yawa na tsutsar. Haka kuma tun 1983 wani mutumin Ostireliya, Tony Rinaudo, tare da manoman yankin, suka fara abin da ake kira sassabin zamani, watau in kututturen itace ya yi toho a gona, maimakon a sare a ƙone, sai a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bar su su girma. An ƙiyasta ta wannan hanya itatuwa wajen miliyan 200 suka dawo a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Gawo yana cikinsu, shi da ke zubar da ganye da damina, ya bar hatsi ya sha rana, ya kuma takince ƙasar da ke ƙarƙashinsa.

Saboda haka ga abin da ya kamata, kowa da nasa rabo. Manomi ya riƙa zaga masararsa da sassafe sau biyu a mako tun tana ƙarama, in ya ga curin ƙwai a ganye ya murtsuke shi, gama ƙwai 100 zuwa 200 ne a curi ɗaya. Ya sa wake ko gyaɗa ko waken suya tsakanin kunyoyi. Ya bar gamba da sabara a kan iyaka, ya bar tohon gawo da ɗorawa da kanya. In ɓarna kaɗan ce, toka da yashi a zuciyar masara, ko ruwan dakakken 'ya'yan darbejiya, sukan rage ta. In tilas sai feshi, a yi shi tun tsutsa tana ƙarama, da yamma bayan zuma ta koma, a rufe jiki, kada kuma a nace wa magani iri ɗaya.

Amma akwai abin da mutum ɗaya ba ya iyawa, don faɗa-wuta ba ta san iyakar gona ba. Shukar da aka yi lokaci ɗaya ta fi wadda aka yi bi da bi, gama ta baya ita ke karɓar jikokin tsutsar da ta farko ta raina. Masu lambu a bakin kowace madatsa suna bukatar su yi shawara su tsayar da waɗansu makonni da babu tumatir ko gauta ko ɗaya a wurin, a tuge tsofaffin tushe a ƙone, a sa albasa ko wani abin da Sharon ba ta ci. Wannan mayar da rani ne da hannu. Ba zai yiwu ba sai da bakin hakimai da dagatai da masu unguwanni da sarakunan noma, don mutum ɗaya in ya ƙi, gonarsa ta zama gadar da tsutsa za ta haye. Hukumar raya aikin gona ta jihar Kano, KNARDA, da malaman gonarta, su ne ya kamata su koya wa mutane bambanta ƙwaro mai ɓarna da mai taimako, su kawo tarkon ƙamshi mai nuna lokacin da uwayen suka iso, su kuma nemi ilimin kiwon maƙiyan tsutsa daga Samaru da Maraɗi. Masu sayar da magani kuwa amana ce a wuyansu su faɗa wa mai saye gwargwado da lokaci.

Baƙin nan biyu ba irin baƙon da ake cewa raɓa ba ne, sun zo ke nan, babu ƙasar da suka zauna cikinta da faɗi aka iya fitar da su ƙaf. Abin da ke hannun mutane shi ne lissafin nan na farko, a ga cewa cikin kowace 1,000 an mayar da masu mutuwa 998. Kuɗin maganin da aka saya bana ya tafi ke nan, baɗi sai an sake. Gawon da aka bari bana kuwa, da gambar kan iyaka, da yarjejeniyar masu lambu, jikoki ma za su ci amfaninsu.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya kiyaye amfanin gona da lafiyar masu noma shi.